Famfon da ke Ƙarƙashin Kujera

Tun rasuwar mijin Umma akori-kurarsa take tsaye a tsakar gida, tsakanin rijiya da ɗakin girki, har tayoyinta suka sace suka nutse cikin ƙasa. Tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofinta kamar gara ta samu tsohuwar tabarma. Kaji na yin ƙwai a bayanta, a kan bonet kuma ake shanya bargo. Tsohuwa yaran gidan suke kiranta. Masu sayen ƙarafa sun sha zuwa tayi, Umma ta kore su, ba don tana da wani shiri a kan motar ba, sai don ba ta iya kwatanta tsakar gidan babu ita.

'Ya'yan Umma uku ne. Babban ya bi masu tsallaka teku a jirgin roba. Kiransa na ƙarshe daga bakin ruwa ya zo, iska na ta bugawa cikin wayar, ya ce, "Umma, gobe za mu shiga, ki yi mini addu'a." Daga nan shiru. Ba gawa, ba labari, ba wanda zai ce mata ta yi kuka ko ta jira. Saura biyu a gabanta. Na-tsakiya mai aski ne a shagon wani. Auta kuma tela ce, bakinta ya fi almakashinta kaifi.

Wata yamma Umma ta dawo daga ƙaramin asibitin da take shara da goge-goge, tana zaune tana yankan albasa, Na-tsakiya ya zo ya tsuguna a gabanta.

"Umma, ni ma zan tafi."

Ba ta ɗaga kai ba. "Ina?"

"Inda Yaya Babba ya tafi. Tsuntsu ya ce yanzu hanya ta gyaru. In na isa kuma zan tambaya, ƙila wani ya gan shi."

Tsuntsu abokinsa ne, shi ke haɗa samari da masu fitar da mutane. Auta ta leƙo daga kan kekenta ta ce, "Tsuntsu? Wanda ke kai mutane bakin ruwa ya dawo da sabon takalmi? Shi me ya hana shi shiga jirgin?"

"Ke, ba da ke nake ba."

Umma ta yi magiya, ta yi kuka, ta yi faɗa. Ta aika aka kira mata ƙanenta Kawu, mai walda, ya zo ya yi nasiha har muryarsa ta dushe. Yaron bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba, kuma bai ja da baya ba. Cewa kawai yake, "Kujerar ba tawa ba, almakashin ba nawa ba, gashin mutane kawai nake sharewa. Haka zan tsufa?"

Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya zabura. Umma ta waiga nan ta waiga can tana neman abin da za ta ɗaure ɗanta da shi, sai idonta ya sauka a kan Tsohuwa.

"To, na ji. Ka tafi ka bar mu da me? Ka tada motar ubanka tukuna, mu samu abin dogaro."

Ya juya ya dubi motar. Wata kaza ta diro daga tagar direba.

"Wannan?"

"Ita."

Ya ƙare wa motar kallo, sannan ya ce, "Na yi miki alkawari. Ba inda zan je sai ta ɗauki kaya daga ƙofar gidan nan, ta kai kasuwa, ta dawo da ƙafarta."

Umma ta ji numfashinta ya dawo. Ta san ɗanta, halin ubansa ya ɗauko, in ya ce zai yi abu ko wuƙa aka sa masa a wuya ba ya saɓawa. Ta kuma san motar. A ranta ta ce ta ɗaure shi da igiyar da ba ta tsinkewa.

Da Kawu ya zo ya zagaya motar, ya sa yatsa a gefen ƙofa yatsan ya shige, sai ya kwashe da dariya. "Yaya, ai wannan ba gyara take so ba, ta'aziyya take so a yi mata." Amma kashegari sai ga shi da tulunan gas ɗinsa da guntayen faranti na ƙarfe a baro.

Aka raba aiki. Kawu zai yanke inda ya ruɓe ya toshe. Auta za ta cire kujera ta sake mata soso da riga. Inji na Na-tsakiya ne, wani bakanike na bakin titi zai riƙa leƙowa yana nuna masa. Umma ta ce ita cikin motar za ta kankare, inda take zama kusa da mijinta, kuma ba ta son kowa ya sa mata hannu.

Gidan da ya yi tsit tun tafiyar Babban sai ga shi ya cika da ƙarar guduma. Kowa ya taso daga wurin aikinsa nan yake zubewa. Auta ta ciro sheƙar ɓera daga cikin kujera, ta bi yayanta da ita a guje har ya faɗa cikin bahon wanki. Kawu yana walda yana zagin ƙarfen kamar ɗansa. Na-tsakiya, wanda bai taɓa riƙe abin da ya fi almakashi nauyi ba, hannayensa suka yi kanta, baƙin mai ya shige ƙarƙashin faratansa ya ƙi fita. Ya baje kayan inji a kan buhu, ya wanke kowanne da kananzir, ya jera su yadda ya cire su. Yana ci da yawa, yana barci kamar gawa, har waƙa yake yi.

Da farko Umma ta ji daɗi. Daga baya ta fara lura. Ramukan ƙofa sun toshe. An samo tayoyi na hannu, motar ta miƙe tsaye. Bakanike ya sa ido cikin injin ya ce, "Kai, motocin da ƙarfe ne. Wannan za ta tashi." Kowa ya yi murna, ban da ita. Ashe kowace tsatsa da take kankarewa da hannunta, hanya take share wa ɗanta zuwa bakin teku.

Tana cikin wannan hali ne, durƙushe a cikin motar da aka cire wa kujera, tana goga burushin ƙarfe a ƙasa, sai burushin ya harɗe da wani abu. Ta share datti da yatsa. Ɗan marfin famfo ne na tagulla, bai kai babban yatsa ba, ya leƙo ta wani ƙaramin rami daidai inda gefen kujerar fasinja ke rufewa.

Nan take ta tuna. Shekarun baya an taɓa sace motar wani abokin mijinta, sai shi ya shiga ƙarƙashin tasa ya yanke bututun da ke kai fetur daga tanki zuwa inji, ya sa famfo a tsakani, ya ɓoye shi a saman wani ƙarfe inda ido ba ya kaiwa. Ita kaɗai ya nuna wa. "Kin ga wannan? In na murɗa shi, ko ɓarawo ya tada ta, ɗan man da ya rage a gaba zai sha, kafin ya yi nisa ta mutu a hannunsa."

Umma ta waiga. Kawu na can bayan mota, Auta na ɗaki. Ta ɗiga wa famfon man keken ɗinki, ta jira, ta gwada. Ya ƙi, ya ƙi, sannan ya juya. Ta mayar da shi a buɗe, ta yanko shimfiɗar roba ta rufe wurin. Ba ta ce wa kanta za ta yi wani abu da shi ba. Ba ta kuma faɗa wa kowa ba.

Ranar da injin ya tashi, sai da ya yi tari kamar tsohon mashayin taba, ya tofar da baƙin hayaƙi, kaji suka watse, sannan ya kama. Auta ta yi ta tsalle tana ihu. Kawu ya jefa hularsa sama ta faɗa rijiya. Na-tsakiya ya kifa kansa a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Da yamma Tsuntsu ya zo, suka tsaya a ƙofar gida, Umma na jin su ta bayan katanga.

"Akwai masu tashi ƙarshen wata. In sa sunanka?"

"Sa. Gobe zan kai kaya kasuwa, shi ke nan na fita."

Da safe aka loda buhunan gawayin wani maƙwabci. An yi wa motar shuɗin fenti da burushi, kujerar Auta kuma ta sha jan yadi. Umma ta fito da mayafinta ta buɗe ƙofar fasinja.

"Ni ma za ni. Wurina ne nan tun kafin a haife ka."

Ya yi dariya. "Shigo, uwar ɗakin mota."

Suna fita daga ƙofar gida ta sunkuya kamar mai gyara takalmi. Yatsunta suka shige ƙarƙashin robar. Ta murɗa.

Suka wuce shagon mai kayan miya, suka wuce famfon unguwa, yara na bin su da gudu. Daidai rumfar mai faci, inda lungu ke haɗuwa da babban titi, motar ta yi shaƙuwa, ta yi fizga biyu, ta mutu.

Ya murɗa mukulli. Ya sake murɗawa. Ya fita ya buɗe bonet, ya taɓa nan ya taɓa can. A ƙarshe samarin unguwa suka turo ta gida. Kafin Umma ta sauka ta sake gyara takalminta. Da bakanike ya zo ya murɗa mukulli na ɗan lokaci, Tsohuwa ta tashi tana ruri kamar ba ita ba.

"Datti ne ya toshe ta," in ji shi. "Ya wuce."

Bai wuce ba. Mukullin motar a bakin zanen Umma yake kwana, kuma ba a fita sai da ita. A gida motar za ta wuni tana aiki lafiya lau. A titi kuwa ba ta taɓa wuce rumfar mai faci. Har ya zama da ya hango su sai ya miƙe ya share benci. "Ga surukata ta zo gaisuwa! Mama, sannu da hanya, kun sha tafiya. A kawo ruwa?" Mai gawayi ya gaji ya ce a sauke masa kayansa, gawayinsa ya ƙoshi da yawon shan iska. Sai da Kawu ya roƙe shi.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce, masu tashi suka tashi babu Na-tsakiya. Ranar Umma ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Yaron ya kwance kafireta ya wanke, ya mayar, ya sake kwancewa. Ya canja fulogi, ya canja famfon mai na jikin inji, ya canja wayoyi. Ya sayar da wayarsa, ya sayar da takalmin ƙwallonsa. Bakanike ya yi iya yinsa, ya ɗaga hannu ya ce shi kam bai taɓa ganin motar da ke tsoron titi ba, a nemi wani. Mai shagon aski ya gaji da jira ya ba wani kujerar. Waƙa ta ɗauke daga gidan. Sai ka ga Na-tsakiya zaune a kan tsohuwar taya, ya zuba wa injin ido, abinci ya huce a gefensa, kaji na ci.

Wata rana Umma ta kawo masa shayi, ya karɓa bai sha ba.

"Umma, ni wane irin mutum ne?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Makaranta na fara ban gama ba. Aski, ga yadda ya ƙare. Yaya Babba ni na raka shi tasha, ni na ɗaukar masa jaka. Yanzu ga motar Baba. Kowa ya taɓa ta lafiya, da na hau titi da ita sai ta mutu. A unguwa cewa ake hannuna ne ba shi da albarka." Ya buɗe tafin hannunsa yana kallo. "Na fara yarda."

"Rufe mini baki! Wa ya ce?"

"Ba sai an ce ba."

Ta koma ɗakin girki ta jingina da bango, ta cusa mayafi a baki don kada a ji ta. Gaba kura, baya sayaki. In ta saki famfon, teku. In ta riƙe, ga ɗanta yana narkewa a gabanta kamar sabulu a ruwa. Ta ce wa kanta ramamme a gida ya fi mai ƙiba a cikin kifi. Kashegari suka sake fita, ta sake sunkuyawa.

Auta ce ta fara tsarguwa. "Umma, ni fa wannan takalmin naki ya isa a jefar. Kullum sai ya kwance a mota, alhali ko igiya ba shi da ita." Umma ta daka mata tsawa, ta ce ta je ta ji da ɗinkinta. Yarinyar ta yi mata wani irin kallo, ta tafi.

Daga nan Na-tsakiya ya kafe a kan tanki. Ya ce wani abu ne a ciki, ɓawon tsatsa ko tsumma, da mota ta fara girgiza a hanya sai ya taso ya toshe bakin bututu. Ya ce Kawu ya yanke masa tankin a gani.

Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa. "Kai, dube ni nan. Tankin fetur ko ka juye shi ƙarƙaf, ko ka wanke shi da ruwa, tururin na nan a ciki. Wanda ya koya mini walda, da hannu ɗaya ya ƙare rayuwarsa, kuma shi ya yi sa'a. Ba na yi, kai ma ba ka yi. Ka ji ni?"

Yaron ya ci gaba da kallon tankin.

Ranar da abin ya faru Umma na hanyar dawowa daga asibiti da rana tsaka, sai ta hango Auta ta sheƙo a guje, ba takalmi, tef ɗin awo na lilo a wuyanta.

"Umma! Yaya ya sauke tanki! Ya jawo gas ɗin Kawu, Kawu kuma ba ya nan! Na yi magana ya ture ni!"

Umma ba ta san ta yar da jakarta ba. Ba ta san da wace ƙafa ta wuce mai faci ba, yana kiran "Mama, lafiya?" Ta banke ƙofar gida. Warin fetur ya cika tsakar gidan. Tankin na kwance a ƙasa, Na-tsakiya ya sa gwiwa ɗaya a kansa, bakin wutar walda a hannunsa na huci, yana ta ƙyasta ashana tana mutuwa.

Ta faɗa kansa. Ta damƙe hannun da ke riƙe da ashanar da hannu biyu. Auta ta ruga ta rufe tulunan.

"Sake ni, Umma! Yau sai na ga abin da ke ciki! Ko ni ko ita!"

"Ba komai a ciki!"

"Ya aka yi kika sani?"

"Na ce maka ba komai a ciki!"

Ya tsaya yana haki. Idanunsa sun yi ja, sun faɗa, kamar ba na ɗan da ta haifa ba. Umma ta ja shi ta hannun nan da ta riƙe, ta kai shi ƙofar fasinja, ta yaye robar, ta ɗora yatsunsa a kan famfon. Tagullar ta yi sumul tana ƙyalli saboda yawan taɓawa.

Ya murɗa shi dama, ya murɗa hagu. Ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashin motar, ya bi bututun da hannu har ya kai inda aka ɓoye abin. Ya daɗe a can. Ƙafafunsa kawai ake gani. Da ya fito bai dube ta ba.

"Tun ranar farko?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ranar da na tambaye ki ko ni wane irin mutum ne, kin sani?"

"Ɗaya na ba teku," ta ce. "Ɗaya na ba shi, bai ko dawo mini da rigarsa ba. So kake in ba shi biyu?"

Ya zauna a kan tayar nan ya rufe fuska. Ba zagi, ba ihu. Da ya yi ihun ma da ya fi mata sauƙi. Can ya tashi ya fara mayar da tankin shi kaɗai. Da Kawu ya dawo Auta ta ja shi gefe ta faɗa masa, ya dubi yayarsa, ya je ya kama wa yaron ɗaya gefen.

Da safe aka loda gawayi. Na-tsakiya ya zo ya miƙa hannu, Umma ta kwance mukullin daga bakin zane ta ba shi. Ta nufi ƙofar fasinja, sai ya ce, "Auta ce za ta raka ni."

Daga ƙofar gida ta tsaya tana kallo. Suka wuce mai kayan miya, suka wuce famfon unguwa. Mai faci ya miƙe ya ɗauki tsummansa zai share benci, motar ta wuce shi ta hau babban titi, ya bi ta da kallo baki buɗe. Kafin la'asar suka dawo, bayan motar fayau, sai baƙin ƙura. Unguwa ta fito ana tafi. Na-tsakiya ya kashe inji, ya ba Kawu mukullin, ya ce ya koya wa Auta tuƙi. Sannan ya zo ya tsuguna gaban Umma.

"Na cika."

"Ka cika." Ta kama gefen rigarsa. "Ga mota ta tashi, da hannunka ka tada ta. Ga sana'a. Ka zauna ka ja abinka. Don Allah. Don darajar ubanka."

"Akwai lokacin da na yi tunanin haka," ya ce a hankali. "Ranar da ta fara tashi, na ce a raina in na kai kaya na ji daɗin tuƙin, ƙila in ce wa Tsuntsu ya cire sunana. Yanzu kuwa in na zauna, Umma, duk abin da ya ƙi mini a duniya sai na leƙa ƙarƙashin kujera."

Bai ƙara kwana da yawa ba. Ranar tafiyar, da hantsi, ya fito da 'yar jaka a kafaɗa. Kawu ya zo sallama. Auta ta ƙi fitowa daga ɗaki, kekenta na ta gudu ba yadi a ƙarƙashin allurar. Yaron ya durƙusa gaban Umma ya sunkuyar da kai.

"Ki sa mini albarka."

Abu ɗaya ke nan da ya rage a hannunta. Ta san ɗanta. Ta ce a ranta ba zai iya taka ƙofar nan ba in ba ta furta ba. Ta haɗe leɓɓanta, ta kau da kai ta dubi bango.

"Umma."

Ba ta juyo ba.

"Yaya, ki ji tsoron Allah," in ji Kawu.

Ta ƙi. Yaron ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe, ya gyara jakarsa, ya ce, "Ki yafe mini," ya fita.

Ta zauna tana sauraron ƙofa. Yanzu zai dawo. Zai kai bakin titi ya kasa. Inuwar katanga ta matsa, kaji suka zo suka zagaya ƙafarta suka wuce. Ƙofa ba ta motsa ba. Sai wani abu ya sauko mata kamar an kwara mata ruwan sanyi. Babban, duk abin da ya same shi, da addu'arta ya shiga ruwan. Wannan kuwa haka zai shiga, ba komai a bayansa sai ƙeyar uwarsa.

Ta zabura. "Kawu! Tada motar!"

"Me?"

"Tada ta, na ce! Tasha!"

Tsohuwa ta tashi da murɗawa ɗaya. Kawu ba gwanin tuƙi ba ne, ya kusa kwashe teburin mai kayan miya, giya na kuka a hannunsa. Umma ta dafe gaban motar da hannu biyu tana cewa, "Yi sauri, yi haƙuri ki yi sauri," ita kanta ba ta san da wa take ba. A tasha wani mai lodi ya ce farar bas ɗin da yaron ya shiga ta cika ta tashi, yanzun nan ta fita ta hanyar gada.

Suka bi ta. Gidaje suka ƙare, gonaki suka fara. Duk jikin motar na karkarwa, ƙofar da Kawu ya toshe na ƙara kamar za ta ɓalle, amma injin bai yi ko tari ba. Bayan gada suka hango bas ɗin.

"Matsa kusa da ita!"

"Yaya, za ki kashe mu!"

"Matsa!"

Ya danna hon, ya fita gefe, suka jera. Umma ta fito da kanta da kafaɗunta ta taga, iska ta fizge mayafin ta tafi da shi. Fuskoki ne a kowace taga, samari, duk shekarunsu ɗaya, duk suna kallonta. Ta rasa wanne ne nata. Sai ta buɗe murya ta yi wa bas ɗin gaba ɗaya.

"Allah ya yi maka albarka! Allah ya tsare! Na yafe maka, ka ji? Allah ya kai ka, ya fitar da kai! Hannunka mai albarka ne! Ka ji ni?"

A tagar baya wani ya miƙe, ya manna tafin hannunsa a jikin gilashi. Gilashin ya yi datti, rana kuma na dukansa, ba ta ga fuskar ba. Wata babbar mota ta taso daga gaba tana hon, Kawu ya taka birki ya koma bayan bas ɗin, ya gangara gefen hanya ya tsaya.

"Shi ne?" ta ce. "Kawu, wanda ya sa hannu, shi ne?"

"Ni titi nake kallo, Yaya."

Bas ɗin ta yi ta ƙanƙancewa. Injin na ta bugawa a hankali a ƙarƙashinsu.

"Mu koma?"

"Bari tukuna," ta ce. "Ai ana ganinta har yanzu."